Tsadar gas da sanyin hunturu: Wane murhu ya dace da gidajen tsallaken Kogin Kaduna?

A unguwannin da ke kudu da Kogin Kaduna, kamar Kakuri da Makera da Nasarawa da Television da Narayi da Sabon Tasha, gidaje da dama sun koma ajiye wuta iri biyu. Tukunyar gas na ciki domin shayi da ɗumame, buhun gawayi ko ɗaurin itace kuma na bakin ƙofa domin wake da tuwo da ruwan wanka.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cewa tukunya mai kilo 12.5 da ake cikawa a kan kusan naira 4,000 a 2020, ta haura naira 15,000 kafin ƙarshen 2024. Kananzir kuwa tun 2016 aka janye masa tallafi, risho ya zama kayan tarihi a gidaje da yawa. Cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira sun ƙara kuɗin dakon komai.

Wutar lantarki ma ba abin dogaro ba ce. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu, bayan lalata layin Shiroro zuwa Mando da kuma matsalar da ta samu layin da ke kawo wuta ta Binuwai. Ita kuma matatar mai ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1980 a wannan ɓangare na gari, ta daɗe ba ta fitar da kananzir ko gas ɗin da maƙwabtanta za su saya.

Saboda haka itace ya dawo a matsayin madogara idan gas ya ƙare ko ya gagara. Abin da ya rage wa magidanci shi ne sanin irin murhun da zai ƙona shi.

Inda zafin ke tafiya

Murhun gargajiya mai duwatsu uku ba ya cin ko sisi wajen kafawa, amma shi ya fi kowane cin kuɗi a ƙarshen wata. Gwaje-gwaje sun sha nuna cewa kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na zafin itacen ne kawai ke shiga tukunya. Sauran iska ce ke kwashewa, musamman lokacin hunturu da ake girki a tsakar gida.

Ingantaccen murhu yana killace wutar ne a cikin ɗan ƙaramin wuri, ya bar iska ta shiga ta ƙasa, sannan ya tilasta wa zafin bin gindi da gefen tukunya kafin ya fita. Da haka itacen ke cinyewa sosai, hayaƙi ya ragu.

Wannan ba sabon abu ba ne a Kaduna. Ƙungiyar DARE da ke garin, tare da ƙungiyar atmosfair ta Jamus, sun fara yaɗa murhun Save80 tun kafin 2010. An yi shi da ƙarfen da ba ya tsatsa, yana cin ƙananan ƙirare, kuma sunansa ya samo asali ne daga iƙirarin masu shi cewa yana rage itace da kashi 80 cikin ɗari. Yana zuwa da akwatin riƙe zafi, inda ake saka tukunyar shinkafa ko wake bayan ta tafasa ta ƙarasa nuna ba tare da wuta ba. Yanzu ana ƙera shi a Kano, inda kamfanin BURN na Kenya shi ma ke harhaɗa murhunan gawayi.

A gefe guda kuma akwai na masu walda da maƙeran cikin gari: kurfoti, da murhun da ake yi da tsohon ƙarfen tayar mota, da wanda ake kira Abacha tun ƙarancin kananzir na shekarun 1990. Sun fi araha nesa ba kusa ba, kuma ana gyara su a unguwa, amma siririn ƙarfe yakan huje cikin ɗan lokaci, wanda ba a lulluɓe cikinsa da yumɓu ba kuma zafi yake zubarwa ta kowane gefe.

Gida ne ke zaɓar murhu

Abu na farko shi ne irin gidan. Kakuri da Makera sun cika ne da ma'aikatan masaƙu, tun daga KTL da aka buɗe a 1957 har zuwa UNTL. Masaƙun sun durƙushe, amma gidajen hayar da aka gina wa ma'aikatan suna nan: ɗaki ɗaya ko ɗaki da falo, da ƙaramin tsakar gida na kowa da kowa. A irin wannan gida hayaƙin itace rigima ce da maƙwabta da mai gida, shi ya sa gawayi ya fi karɓuwa. Mai gidan kansa a Gonin Gora ko Unguwar Romi, da ke da fili da ɗakin girki a waje, shi ne itace zai fi yi wa riba.

Na biyu tukunya. Murhun da ya tafasa ruwa cikin sauri amma ya yi rawa idan aka sa muciya ana tuƙa tuwon mutum goma, ƙarshensa bayan ƙofa. Kafin a biya kuɗi ya kamata a gwada shi da tukunyar gidan, a ga ko gindinta ya zauna daram.

Na uku makamashin da ake samu kusa. Murhu mai cin ƙirare na buƙatar a faskara itace ƙanana, aikin da ba kowace uwargida ke da lokacinsa ba. Ɗanyen itace kuma kusan rabinsa ruwa ne, don haka ko a murhu mai tsada hayaƙi zai yi ta tuƙawa.

Akwai kuma lissafin daji. Gawayi ya fi tsafta a cikin gida, amma a ramin gargajiya sai an ƙona kilo biyar ko fiye na itace kafin a samu kilo ɗaya. Buhunan da ake jibgewa a hanyar Kachia da hanyar Abuja bishiyoyi ne da aka sare, kuma duk lokacin da rashin tsaro ya hana shiga dazukan Chikun da Kajuru da Birnin Gwari, farashin na tashi a cikin gari.

Murhun girki ba na jin ɗumi ba ne

A nan ne haɗarin ya fi girma. A Disamba da Janairu, idan sanyin asuba ya tsananta, mutane kan shigar da kaskon garwashi ko kurfoti ɗaki, su rufe ƙofa da taga, musamman inda akwai jariri ko tsoho.

Garwashi na fitar da iska mai guba da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana hana jini ɗaukar iskar da jiki ke buƙata. Alamunta ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, mai barci kuwa ba lallai ya farka ba. Rashin ganin hayaƙi ba ya nufin babu guba, kuma ingantaccen murhun gawayi ma yana fitar da ita.

A ƙasashe masu tsananin sanyi, murhun ɗumama ɗaki rufaffe ne, yana da bututun da ke fitar da hayaƙi ta saman rufi. Murhunan da ke kasuwannin Kaduna ba su da wannan. Hanyar da ta fi aminci ita ce a dafa ruwa a waje, a zuba a jarka mai murfi a naɗe da zane a sa kusa da shimfiɗa, a ƙara bargo da rigar sanyi. Wanda aka samu ya galabaita kusa da garwashi a fitar da shi iska nan take, a garzaya da shi asibiti.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya a 2020, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarta.

Ina gwamnati?

A watan Nuwamban 2014 gwamnatin Goodluck Jonathan ta amince da naira biliyan 9.2 domin sayen murhuna 750,000 a raba wa matan karkara. Kwangilar ta ƙare cikin taƙaddama, kuma mafi yawan murhunan ba su kai ga matan ba. A 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar ƙasa kan girki mai tsafta, sannan aka ba da umarnin dakatar da fitar da gas ɗin da ake samarwa a cikin gida daga 1 ga Nuwamba.

Darasin 2014 shi ne rabon murhu kyauta ba ya sauya ɗakin girki. Abin da zai yi tasiri a Kakuri da Sabon Tasha shi ne damar biyan kuɗin murhu kaɗan-kaɗan ta ƙungiyoyin mata da adashe, da horar da masu walda kan ma'aunin da ya dace, da gargaɗi kan garwashi a rediyo da masallatai da coci-coci kafin shigowar hunturu.

Har zuwa lokacin da gas zai sauko inda talaka zai iya, itace da gawayi za su ci gaba da zama a bakin ƙofa. Murhun da ya dace shi ne wanda ya ɗauki tukunyar gidan, ya rage kuɗin makamashi a wata, kuma ya kwana a waje.