Tamostat ba na ƙasar sanyi kaɗai ba ne

Ranar Lahadin da ta gabata, ranar kasuwar Mai'adua, ina hanyar komawa Daura sai allurar zafin motata ta haura, tururi ya turnuƙe gaban motar. Bakaniken da na samu a bakin titi, dattijo mai natsuwa, leƙawa ɗaya ya yi ya gano ciwon: gidan tamostat, ɗan kwanon robar nan da ke haɗa babban tiyo da injin, ya tsage, ruwa ya tsiyaye. Ya jira injin ya huce, ya kwance notuna, ya kankare tsohon gaskit, ya ɗauko sabon gida na alminiyum. Aikinsa babu makusa. Amma da ya zo mayar da tamostat ɗin sai ya dakata, ya ce: "Malam, a jefar da wannan. Don ƙasar sanyi aka yi shi."

Na sha jin wannan fatawa a garejin Katsina da na Kano, kuma kuskure ce. Tamostat ƙofa ce mai ɗan kakin da ke kumbura idan zafin ruwa ya kai wajen digiri 82 zuwa 90, sai ta buɗe ruwan ya wuce lagireto. Aikinta ta kai injin zafin da aka ƙera shi a kai da wuri, ta riƙe shi a nan. Idan aka cire ta, injin yakan daɗe bai ɗumama ba, musamman da asubahin hunturu, kwamfutar motar ta yi ta ƙara masa fetur, ƙarfe ya yi ta cin ƙarfe. Tun da aka janye tallafin mai a 2023, wannan ba ƙaramar asara ba ce ga direban da ke jigila tsakanin Daura da Kongolam.

Ban ga laifin dattijon sosai ba. Ya sha ganin jabun tamostat da ya ƙame a rufe ya ƙona inji, ya ga ruwan rijiya ya cika lagireto da tsatsa. Daga abin da idonsa ya gani ya yanke hukunci, mu kuwa da muke jami'a ba mu taɓa zuwa garejinsa mun yi masa bayani da Hausa ba.

Na roƙe shi ya tafasa ruwa a gwangwani, muka tsoma tamostat ɗin. Muna kallo ya buɗe baki. Ya yi murmushi, ya goge shi, ya mayar.