Zancen Baranda Ba Ya Shiga Fayil

Tun da aikin ofis ya koma cikin kwamfuta da wayar hannu, wata tambaya ta taso wadda manyan ma'aikatu su ke ɗauka ƙarama ce, alhali kuwa ba haka ba ne. Ita ce, a ina ya kamata ma'aikata su riƙa shawarta al'amuran aiki, a hirar guruf ko kuwa a zauren aiki?

Bari mu bayyana wa mai karatu bambancinsu. Manhajojin da a ke aiki da su, kamar Slack da ta fito a 2013, da Microsoft Teams ta 2017, da Google Chat wadda ta raɗa wa zaurukanta suna Spaces a 2021, duk suna da hanyoyin nan biyu. Guruf shi ne mutum ya tara abokan aikinsa uku ko goma su yi ta magana, saƙo bisa saƙo. Zaure kuwa da sunan aikin ko sashen a ke buɗe shi, kowace magana da layinta, takardu kuma suna ajiye wuri guda, wanda ya shigo daga baya ya tarad da su. Watau guruf na mutanen da ke cikinsa ne, zaure kuwa na aikin ne.

Ra'ayinmu shi ne, duk maganar da za ta ɗaure ma'aikata, ko ta kuɗi ce, ko umurni, ko alkawarin ranar gama aiki, a zaure ya kamata a yi ta. Tsofaffin akawuna sun san dalili. Dā in an yi shawara a baranda, sai an dawo an rubuta ta cikin fayil kafin ta zama magana, gama ana canja wa ma'aikaci wuri, amma fayil yana nan. Yau sai ka ga an yanke shawarar sayen kaya cikin guruf, tsakanin barka da asuba da sanarwar ɗaurin aure. Bayan wata shida an ɗauke mai kula da aikin, magajinsa ya zo ya rasa inda zai kama. Ko da kamfani yana ajiye saƙonnin, wa zai tono su, shi da ba a taɓa sa shi cikin hirar ba?

Abin ya fi muni in guruf ɗin na WhatsApp ne a wayar mutum ta kansa, yadda ya zama ruwan dare a ofisoshinmu. A Amurka, cikin Disamba 2021 hukumomi su ka ci bankin JPMorgan tarar dala miliyan 200 saboda ma'aikatansa suna zancen ciniki ta irin hanyoyin nan ba tare da an ajiye shaida ba. A Satumba 2022 wasu manyan bankuna su ka biya fiye da dala biliyan ɗaya kan laifin nan. A Ingila kuma, sa'ad da a ke binciken yadda gwamnati ta bi da annobar korona a 2023, sai aka tarar saƙonni wajen 5,000 na tsohon Firayim Minista Boris Johnson ba su samuwa.

Ba mu ce a kashe guruf ba. In ana neman wanda ya riƙe mabuɗin sito, ko ana jiran direba, buɗe zaure wahala ce kawai. Kuma akwai shugabannin da ke buɗe zaure ga kowane ɗan abu har ma'aikata su gaji su koma wayoyinsu. Zaure ɗaya ga kowane aiki mai tsawo ya isa, tare da mutum ɗaya da aka ɗora wa kula da shi. Masu amfani da Slack ta kyauta kuma su lura, tun 2022 saƙonnin kwana 90 kaɗai ta ke nuna musu, saboda haka ma'aikatar da ke son fayil na ƙwarai sai ta sa kuɗinsa cikin kasafinta.