Tsintacciyar mage ma tana mage

Akwai wani yayi da ya shigo mana makaranta wanda nake so mu tattauna a kansa, wato kiwon kyanwa. Yanzu da wuya ka leƙa Instagram ko TikTok ba ka ga wata ɗauke da farar kyanwa mai tulin gashi ba, wai 'yar Farisa, an saye ta da kuɗin da zai ciyar da ɗalibi wata guda. Ni ra'ayina, duk mai son kyanwa da gaske ya bar saye, ya ɗauki wadda ba ta da kowa.

Waɗanda suka yi SIWES ko bautar ƙasa a Garki sun san abin da nake faɗa. Ka bi bayan kasuwar Garki da yamma, ko gefen masu tsire a Area 1, ka ga 'yan kyanwoyi a bola suna tonon ƙashi. Ba abin mamaki ba ne: cikin kyanwa wata 2 ne da 'yan kwanaki, tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 5 ko 6, ta kuma haihu sau biyu ko uku a shekara. A Landan akwai gidan Battersea da aka kafa tun 1860, inda ake tattara karnuka da kyanwoyin da aka yasar, kuma sai sun bincika yanayin zamanka kafin su ba ka. Mu nan namu suna kwance a kwata, ba mai tambayar ka komai. To kai ka tambayi kanka.

Na san za a ce min tsintacciyar mage ba ta mage. Gaskiya ne, babbar da ta girma a kan titi ba lalle ta saba da mutum ba. Amma 'yar ƙaramar da ta kai sati 8 ta bar nono, in ta samu abinci da wurin kwana, wallahi sabo take yi, kuma ta fi 'yar Farisa jure zafinmu.

Tambayar farko ita ce hutu. Kyanwar gida tana kai shekara 12 zuwa 15, digirinka kuwa shekara 4 ko 5 ne. Yajin aikin ASUU na 2022 wata 8 ya yi, daga Fabrairu zuwa Oktoba. In an ce a fice daga ɗakunan kwana cikin kwana biyu, ina za ka kai ta? Hajiya ta yarda a kawo mata kyanwa gida? Abokan ɗakinka fa, babu mai asma? Dokar makaranta ta yarda? In ba ka da amsa, ka haƙura. Duk mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda ta kulle kyanwa ba ci ba sha. Kulle ɗaki ka tafi Katsina ka bar ta ciki, ai shi ke nan.

Na biyu, likitan dabbobi kafin komai. Jami'ar Abuja tana da asibitin koyarwa na dabbobi a Gwagwalada, ABU tana da nata a Zariya, haka UDUS a Sakkwato. A ba ta maganin tsutsar ciki da na ƙuma, a yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare, domin kyanwa ma tana ɗaukar sa. Ciwon nan yana kashe kusan mutum 59,000 a duniya duk shekara, kuma da zarar alamunsa sun bayyana kusan babu mai tashi. In dabbar titi ta cije ka ko ta yakushe ka, wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ka wuce asibiti a ranar. Ka kuma yi wa likita maganar aikin hana ta haihuwa, don kada bolar ta ƙara cika da 'ya'yanta.

Na uku, ka kiyaye abin da kake ba ta. Farasitamol guba ne ga kyanwa, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Albasa ma tana lalata mata jini, don haka ragowar indomi da miyar ɗaki ba abincinta ba ne. Madarar shanu kan sa ta zawo. Kifi ko nama dafaffe marar yaji, da ruwa mai tsabta, sun fi mata.

Kare kuwa zancensa daban. Galibinmu ba ma ajiye shi a ɗaki, kuma malamai sun yi bayanin inda ya halatta, kamar gadin gona da garke da farauta. Amma rashin kiwonsa bai ba mu lasisin jifansa ba. Mun karanta labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare ruwa.

Wanda ba zai iya ɗauka ba, ya ajiye ruwa a gwangwani a inuwa lokacin bazara, ya hana yara jifa. Wanda zai iya, ya fara kiran gida ya nemi izini tukuna. 'Yan ajin likitancin dabbobi da ke nan, don Allah ku ƙara mana haske.