Ra'ayi: Littafin zane guda a kan kuɗin albashin wata, ya cancanci saye?

Mako uku ke nan ina jan ƙafa a kan wani ciniki. Wani abokina ɗan kasuwa ya ce zai iya yi mini odar littafin El Eternauta daga waje, fassarar Turanci. Da ya haɗa kuɗin littafin da na dako har zuwa nan Illela, lissafin ya haura naira 70,000, wato ya ɗara albashi mafi ƙanƙanta a Najeriya. Da na faɗi haka a majalisarmu, wani dattijo ya dube ni ya ce, "Ɗana, shafukan na zinare ne?"

Tambayarsa na kan hanya. A garin da kowa ke auna kuɗi da buhun gero ko na albasa, dole wanda zai zuba irin wannan kuɗi a labarin zane ya kawo hujja. Hujjata ita ce littafin ya cancanci saye, amma ba daga aljihun mutum ɗaya ba.

El Eternauta ƙagaggen labarin kimiyya ne da aka bayar cikin zane baƙi da fari. Héctor Germán Oesterheld ne ya rubuta, Francisco Solano López ya zana. Ya riƙa fitowa mako-mako a wata mujalla ta ƙasar Ajantina mai suna Hora Cero daga 1957 zuwa 1959, daga baya aka tattara shi ya zama littafi mai shafi kusan 350. Kamfanin Fantagraphics na Amurka ya fitar da fassarar Turanci a 2015. Yawancin matasanmu da suka ji sunansa sun ji ne bayan Netflix ta mayar da shi fim mai dogon zango a watan Afrilun 2025.

Labarin ya fara ne da abokai huɗu suna karta da daddare a gidan wani magidanci, Juan Salvo, a gefen birnin Buenos Aires. Sai wuta ta ɗauke, dusar ƙanƙara ta fara sauka, duk wanda ta taɓa ya faɗi matacce. Ɗaya daga cikinsu ya kasa haƙuri, ya fita neman iyalinsa, bai yi nisa ba. Sauran suka toshe duk wata kafa ta gidan, suka ɗinka rigar kariya da tarkacen da ke hannunsu, suka fara lissafin abinci da ruwa. Sai daga baya aka gane cewa wasu halittu ne daga wata duniya suka kawo mamaya.

Babu mai tashi sama a cikinsu, babu mai ƙarfin tsiya. Malamin kimiyya ne, da ma'aikacin banki, da mai ƙaramar masana'anta, daga baya wani matashin makaniken injin ya shigo. Kowa da abin da ya iya, kuma in aka cire ɗaya sauran sun shiga uku.

Abin da ya fi kama ni shi ne yadda aka tsara abokan gaba. Waɗanda ake gwabzawa da su a titi duk 'yan aike ne: manyan ƙwari, da dabbobi ƙattai, da mutanen da aka manna wa na'ura a ƙeya ana juya su. Sama da su akwai wasu halittu masu yatsu da yawa da ake kira Hannuwa, masu basira da son kyawawan abubuwa, amma an dasa masu wani abu a jiki wanda da zarar tsoro ya kama su zai saki guba ya kashe su, don haka ba su isa su ko yi tunanin bijirewa ba. Masu ba da umarnin na ainihi kuwa, ana ce masu Su kawai, kuma har littafin ya ƙare ba a nuna fuskarsu.

Duk wanda ya zauna a Illela a 2023 ba ya buƙatar a yi masa dogon sharhi a nan. Bayan juyin mulkin da ya kifar da Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli, aka rufe iyaka. Manyan motoci suka yi layi, kayan gwari suka ruɓe, 'yan uwa da ke Konni, tafiyar 'yan mintuna a kan babur, suka zama kamar suna wata nahiya, har zuwa Maris ɗin 2024. Kafin nan mun sha irin ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Wanda ka tarar a bakin shinge ba shi ya yanke hukuncin ba, shi ma tsoron na sama da shi yake ji. Waɗanda suka yanke kuwa ba mu taɓa ganin su a kasuwar Lahadi ba. Ban ce Oesterheld ya hango mu ba. Na dai ce ya san yadda iko ke saukowa hawa-hawa har ya iso kan talaka.

Shi kansa marubucin bai tsira ba. Ya shiga ƙungiyar Montoneros mai ɗauke da makamai, gwamnatin sojan da ta karɓi mulki a 1976 ta sace shi a 1977, ba a sake ganin sa ba. 'Ya'yansa mata huɗu duk haka suka ƙare a hannun wannan gwamnati. Sanin haka na sauya yadda mutum ke kallon shafukan.

To me zai hana a karanta a waya a huta? Na gwada, da wani kwafi da ke yawo a intanet, wanda ni ma na san ba ta halal ya fito ba. Shafukan littafin a kwance suke, faɗinsu ya fi tsayinsu, rubutun kuma ƙanana ne cunkushe. Sai ka yi ta jan hoto da yatsu biyu, ka ga fuska ka rasa titin da ke bayanta. Alhali gwanintar Solano López tana cikin faɗin ne: titi shiru, motoci a karkace, gawarwaki a ƙarƙashin farin abu, mutum ɗaya tal yana tafe. A allon waya wannan shirun ba ya fitowa. Fim ɗin Netflix kuma wani abu ne daban, an dawo da labarin zamanin yau, an tsofar da jarumin.

Littafin na da aibunsa, kada wani ya saya ya zo yana zagina. Da yake mako-mako aka rubuta shi, akwai maimaici, kuma sau da yawa rubutun na sake faɗin abin da zanen ya riga ya nuna. Matar Juan da 'yarsa kusan ado ne, aikinsu jira da fargaba. Yaron da ya saba da katun mai launi zai ajiye shi tun a shafi na goma. Sannan babu shi da Hausa, mai ƙaramin Turanci zai sha wuya.

Wannan na ƙarshen ya fi yi mini ciwo. Tun 1969 Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya, ya ɗauki yaro Bahaushe ya kai shi sararin samaniya. Ba baƙin irin wannan labari ba ne mu. Masu zane ma muna da su, ga su nan suna ƙawata bayan manyan motoci da allunan shaguna. Abin da ba su samu ba shi ne su riƙe irin wannan littafi a hannu, su ga yadda ake jan labari na shafi ɗaruruwa da alƙalami da tawada kawai. Hoton waya ba ya koyar da wannan.

Shi ya sa na koma majalisa da wata shawara: karo-karo. Mu takwas, kowa ya kawo abin da bai kai naira 10,000 ba, littafin ya riƙa zagayawa mako bibbiyu, in ya gama zagaye a ajiye shi wurin wani malamin sakandare cikinmu don ɗalibansa masu son zane. In kai kaɗai ne, kuma kuɗin daga na cefane za su fito, ka bar shi, littafin da ya shekara sama da 60 ba zai gudu ba.

Zuwa jiya mutum shida sun biya. Dattijon nan bai sa ko kwabo ba, amma ya ce in ya iso a fara kai masa, yana son ya duba shafukan da idonsa.