Dala 5,000 da Kanada Ta Manta Ba Ta Ƙara Ba

Watan Afrilu a Kanada watan lissafi ne. Kafin ranar 30 ga wata ake miƙa wa hukumar haraji, CRA, bayanin abin da aka samu a shekara. A lokacin ne ma'auratan da ɗayansu ke karatu ke zazzago takardar T2202 daga shafin makaranta, su baje ta a teburin cin abinci.

Takardar tana nuna kuɗin makarantar da aka biya. Gwamnatin tarayya ba ta mayar da kuɗin, haraji take rage wa ɗalibi da wani kaso: kashi 15 cikin ɗari har zuwa 2024, kafin gwamnatin Mark Carney ta sauke shi zuwa 14. Amma ɗalibi sau da yawa ba shi da albashin kirki da za a cire wa haraji, shi ya sa doka ta yarda ya miƙa ragin ga miji ko mata, ko iyaye, ko kakanni.

Gizo yana saƙa ne a iyakar da aka gindaya: dala 5,000 kacal, ita ma sai an cire abin da ɗalibin ya mora da kansa.

A ɗauka wata 'yar Najeriya ce ke digiri na biyu a Winnipeg, an biya mata dala 25,000, mijinta na aikin dare a ma'ajiyar kaya, da guminsa aka haɗa kuɗin. Ragin tarayya da za ta iya ba shi bai wuce dala 750 ba a tsohon lissafi, ko hayar wata guda ba zai biya ba. Sauran dala 20,000 za a ajiye mata, amma da zarar shekarar ta wuce sun zama nata ita kaɗai, miji ya yi sallama da su. In ta gama ta samu aiki, madalla. In takardar zama ta ƙare suka tattara suka koma gida, ragin na nan kwance a kwamfutar CRA, babu mai cinsa.

Tun shekarun 1990 adadin nan bai motsa ba, kuɗin makaranta kuwa ya yi tashin gwauron zabo, musamman na baƙi. A 2017 gwamnatin tarayya ta soke ragin littattafai da na watannin karatu, lardunan Ontario da Saskatchewan suka soke nasu ragin, Alberta ta bi sahu a 2020.

Masu kare iyakar suna cewa in aka ɗage ta, iyaye masu hannu da shuni ne za su kwashi garaɓasa. Ta fuskar iyaye maganar na da ƙamshin gaskiya, amma ba ta hau kan miji da mata masu ci daga tukunya ɗaya ba. Ita kanta CRA, in za ta ƙididdige tallafin yara ko ragin harajin GST, haɗa kuɗin shigar su biyun take yi, ta rage musu in ya yi yawa. Sai an zo kan kuɗin makaranta take raba musu aljihu.