Kafin Mu Kai Yara Gidan Miliyan

Duk malamin da ya taɓa riƙe aji huɗu ko aji biyar a Birnin Kudu ko Gwaram ya san wannan amsa. Ka rubuta 5002 a allo, ka sa 1768 a ƙarƙashinta, ka ce a ɗebe. Idan littattafai suka dawo tebur, za ka tarar da yawansu ɗauke da 4766, alhali amsar ita ce 3234. Yaran da suka rubuta 4766 ba kintace suka yi ba, kuma ba duka ne suka kwafa daga maƙwabci ba. Ƙa'ida suka bi, wadda suka ƙaga wa kansu: a kowane gida, a cire ƙaramar lamba daga babba, ko wacce ce a sama. Biyu daga takwas, shida. Sifiri daga shida, shida. Haka har ƙarshe. A idon irin wannan yaro, 5002 lambobi huɗu ne da suka zauna kusa da juna a benci ɗaya, babu abin da ya haɗa su.

Ra'ayin wannan mujalla shi ne muna kai yara ga manyan lambobi tun ba su san darajar gidan da kowace lamba take zaune ba. Manhaja tana so yaro ya yi mu'amala da miliyoyi kafin ya bar firamare, wannan kuwa buri ne mai kyau. Sai dai wanda bai gane dalilin da ya sa biyar ɗin da ke cikin 5002 ta fi takwas ɗin da ke cikin 1768 nauyi ba, ƙara masa gidaje uku ƙara masa wuraren kuskure ne kawai.

Wani ɓangare na matsalar yana cikin bakinmu, kuma littattafan da aka rubuta da Turanci ba za su taɓa nuna mana shi ba. Bahaushe yana faɗin sunan gida kafin adadinsa: ɗari uku, dubu huɗu. A rubuce kuwa adadin ne yake fara zuwa, sunan gidan kuma ba a rubuta shi sam, wurin zaman lambar ne yake faɗinsa. Saboda haka idan malami ya ce "dubu huɗu", yaro mai biyayya ya rubuta 10004, abin da kunnensa ya ji ya rubuta daki-daki: ga dubu, ga huɗu. Idan aka ce "dubu huɗu da ashirin", sai ka ga 400020. Tsakanin "ɗari uku" da "ɗari da uku" gaɓa ɗaya ce tak, amma tazararsu 197 ce. Malamin da bai tsaya ya yi makonni a kan wannan ba, yana faɗa yara suna rubutawa, suna faɗa yana rubutawa, har kunne da hannu su daidaita, to tarawa da ɗebewar da zai ɗora a kai ba su da wurin tsayawa.

Sai sifiri, wanda shi ne uban rikicin. A magana ba ma faɗinsa. Babu mai cewa "dubu biyar da babu ɗari da babu goma da biyu". A rubutu kuwa shi ne mai gadin gidan da babu kowa, don kada maƙwabta su matso su zauna a inda ba nasu ba. Ɗan Adam kansa ya daɗe kafin ya kai ga wannan dabara. Daga Indiya ta fito, malamai irin su Alkhawarizmi suka yi rubutu a kanta a Bagadaza a ƙarni na 9, sannan ta isa Turai bayan ƙarnoni. Kalmar sifiri ma daga Larabci muka aro ta. Abin da ya ɗauki duniya wannan tsawon lokaci, bai kamata mu sa ran yaro ɗan shekara takwas ya haɗiye shi a darasi guda na minti talatin da biyar ba.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne yaran nan sun iya lissafi. Yarinyar da ta rubuta 4766 da safe, ita ce da yamma za a miƙa wa naira 5,000 a kan cinikin naira 3,650, ta mayar da canji ba tare da alli ba. A zuci take hawa: hamsin ta cika 3,700, ɗari uku ta cika 4,000, dubu ta cika 5,000, canji 1,350. Yaron da yake bin mahaifinsa kasuwar Sara ya san jaka biyar dubu ce, ya san abin da ya rage a buhu bayan an auni kwano goma sha bakwai. Harshenmu ma ɗebewa tana cikin ƙirgarsa, tunda dattawa har yau suna cewa ashirin ba ɗaya, talatin ba biyu. Kakanninmu kuwa sun ƙirga wuri dubbai a kasuwannin ƙasar Hausa ta hanyar tara shi kashi-kashi. Yaro yana shigo mana da wannan gado duka, mu kuma sai mu sa shi ya ajiye shi a bakin ƙofa tare da takalmansa, ya zauna yana rera "keri wan" da "boro wan" ba tare da ya san ɗayan me aka ɗauka ko aka ranto ba.

Kalmar rance ɗin ma ta cancanci a sake dubanta. Yaro ya san rance ana biyansa, a lissafin allo kuwa bai taɓa ganin an biya ba. Abin da ake yi a zahiri canji ne, kuma babu yaron da bai san canji ba. Kana da 'yan dubu-dubu guda biyar da naira biyu, ana binka 1,768. Ba ka da ɗari, ba ka da goma. Sai ka canza dubu ɗaya ta zama 'yan ɗari-ɗari goma, ka canza ɗari ɗaya ta zama 'yan goma-goma goma, ka canza goma ɗaya ta zama ɗaiɗai. Yanzu a hannunka akwai dubu 4, ɗari 9, goma 9 da ɗaiɗai 12, kuɗinka bai ragu ba, bai ƙaru ba. Daga nan ne taran nan biyu da muke rubutawa a saman sifirai suka fito, waɗanda yara da yawa suke ɗauka wani siddabaru ne na malam. Tarawa kuma ita ce komawa baya: ɗaiɗai sun kai goma, a haɗa su a karɓi 'yar goma, a kai ta gidanta. Takardun naira goma, ɗari da dubu sun yi mana rabin aikin. Gidan ɗaiɗai ne kawai tsadar rayuwa ta rushe, domin yaran yanzu ba su san naira ɗaya a hannu ba, sai a cike gurbinta da tsakuwa ko ƙwallon dabino.

Kayan aikin ba sa buƙatar kwangila. Tsinken tsintsiya goma a ɗaure da zare, goma ke nan; irin wannan ɗauri goma a haɗe, ɗari. Kwali a yanka a rubuta kuɗin wasa. Zane huɗu a ƙasa da yatsa, gidaje huɗu sun samu. Da irin waɗannan kaya shirin KaLMA ya yi aiki a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa na Jihar Kano, bisa tsarin da ƙungiyar Pratham ta fara a Indiya: a gwada kowane yaro, a haɗa shi da waɗanda suke matakinsa ko da ajinsu ya bambanta, a koyar da shi daga inda ya tsaya, da harshen da yake ji. Wudil kuwa a kan hanyarmu ta zuwa Kano take.

To me ya hana? A nan ne maganar ta zama ta ƙungiya. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare. 'Yan uwa da ke makarantun ƙauyukanmu sun san azuzuwa nawa ne suka ninka wannan adadi, sun kuma san makarantun da malami ɗaya yake zirga-zirga tsakanin aji biyu. Gano irin kuskuren da yaro yake yi yana bukatar a duba littafinsa a tsanake, a tambaye shi yadda ya yi. Jan biro a kan amsa ba ya gaya wa kowa komai. Sannan ga jadawalin zango. Idan mai duba makarantu ya zo, abin da ya fi saurin gani shi ne ko malami ya kai darasin mako na bakwai a mako na bakwai. Malamin da ya tsaya ya koma baya domin yaransa su gane gidan gomomi, a takarda shi ne ya makara. Wanda ya wuce ya bar kashi biyu cikin uku na ajin a baya, shi ne ya cika aiki. Muddin ma'aunin ke nan, malami zai bi ma'auni, domin shi ma yana da iyali da ƙarin girma da yake jira.

Ba mu wanke kanmu gaba ɗaya ba. A cikinmu akwai masu takardar NCE da suka karanta fannin da ba lissafi ba, aka miƙa musu aji da dukan darussansa, suna koyar da ɗebewa yadda aka koya musu ita, da hadda. Wannan ba abin kunya ba ne, abin gyara ne, kuma gyaransa ba sai an jira bita a Dutse ba. A kowace gunduma akwai malamin da hannunsa ya faɗa a wannan fanni; awa ɗaya a wata, a makaranta mafi kusa, za ta isa ya nuna wa sauran.

Iyaye ma da nasu. Idan an sayar da riɗi ko gyaɗa, a kira yaro ya rubuta kuɗin da lamba, ya cire na taki da na ƙwadago, ya faɗi saura. Idan saƙon banki ya shigo waya, a ba shi ya karanta adadin da Hausa. Wanda bai bambance 20,500 da 205,000 ba, wata rana a gaban mai POS ko dillali zai biya kuɗin wannan darasi.

Abin da muke roƙon shugabannin reshe su kai wa sakatarorin ilimi na Birnin Kudu da Gwaram, su kuma su isar ga hukumar SUBEB, abu ne da ba ya cin kasafi: a ware makonni uku na farkon kowane zango daga aji uku zuwa aji shida domin gwada yara da komawa kan darajar gidajen lamba, a rubuta hakan cikin jadawali domin kada a tuhumi malami da makara. Idan mai duba makarantu ya shigo aji kuma, kafin ya buɗe littafin shirin darasi, ya kira yara biyar daga bencin baya, ya ce su rubuta dubu huɗu da ashirin.