LINZAMI BA ƘAUYANCI BA NE

Yau ba ci gaban labari na kawo muku ba, faɗa na zo yi. Wanda ya ji haushi ya yi haƙuri, amma sai na faɗa.

Ran nan wani abokina ya iske ni a rumfar kawuna a kasuwar Dawanau, na jona linzami a jikin laftof ina aiki. Sai ya bushe da dariya, ya ce, "Haba malam, har yanzu kana jan ɓera? Ai wannan ƙauyanci ne, sabo turken wawa." Wai wayayye yatsa kawai yake sa wa a ɗan faifan nan da ke ƙasan kibod, ya yi ta shafa. Ban tanka masa ba a lokacin, saboda ana auna riɗi. To ga amsarsa.

Ni da rana lissafin kawu nake riƙewa, da dare in rubuta labari. Duk wanda ya san Dawanau ya san ba wurin wasa ba ne. Masara, dawa, gero, wake, riɗi da zoɓo ake lodawa tirela-tirela zuwa Kudu da Nijar da Chadi da Kamaru. A nan lamba ɗaya in ta kauce, zumuncin shekara goma na iya tsinkewa.

Kuma ta kauce mini. Wata rana da hunturu ina shigar da kayan wani Alhaji da ke zuwa mana daga Maraɗi, gindin tafin hannuna ya gogi faifan shafawar ban sani ba. 'Yar kibiyar ta yi tsalle ta sauka a wani layi. Buhu 40 na masara na zuba su a layin riɗi. Kowa ya san tazarar kuɗin da ke tsakaninsu. Sai da muka kai bayan La'asar ana musu, har bawan Allah ya fara cewa a kira shaidu. Da aka gano, kawu bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi, "Ɗan nan, mutuncina ka sa a bakin yatsa?" Wallahi da mari ya yi mini da ya fi sauƙi.

Marubuta kuma ku faɗi gaskiya. Sau nawa kuna cikin buga babi, faifan nan ya shafe sakin layi guda, ku ci gaba da bugawa a kansa ba ku lura ba?

Bature ɓera ya kira abin, don wayarsa ta yi kama da wutsiya. Douglas Engelbart ne ya ƙirƙiro shi a Amurka, na farkon ma da katako aka yi, ya nuna wa duniya aikinsa a 1968. Amma Bahaushe ya fi shi iya suna, ya ce linzami. Da me ake juya doki? Faifan shafawa kuwa sai a 1994 ya yi fice, a kwamfutar PowerBook ta kamfanin Apple, kuma don matafiyi aka yi shi, wanda ba shi da tebur. To kai da kake zaune da tebur a gabanka, wace tafiya kake yi?

Na san abin da za ku ce. Za ku ce linzami na cin ƙura. Gaskiya ne, a da. Wancan mai ƙwallo a ciki kullum sai an buɗe an kankare datti, balle a kasuwar hatsi. Amma tun wajen 1999 mai jar fitila ya bazu, babu ƙwallo babu kankara. Faifan naku fa? Yatsa ya yi gumi ya ƙi ji, ka ci ƙosai da maiƙo ya ƙi ji. Za ku ce batir. Sayi mai waya, ba ruwanka da batir. Na yarda in kana cikin mota, kwamfuta a kan cinya, shafa abinka, ba mai hana ka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙannenmu. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya ta koma kan kwamfuta. Yaro ya taso a Dawanau ko Dawakin Tofa, shafa waya kawai ya iya, ranar jarrabawa ya tarar da linzami hannu na rawa. Har sai da hukumar ta fito da tsarin maɓallai 8 a 2017 don rage wannan wahala. Amma ofis da banki da shagon buga takardu ba za su rage masa komai ba. Mu kuma muna nan muna gaya masa wai linzami ƙauyanci ne.

Shawarata ba ta da tsada. Sayi linzami mai waya, ka shiga saitin Windows ka sa faifan ya mutu da zarar an jona shi. In bahago ne kai, a nan ma za ka juya maɓallan. Ka riƙa hutar da wuyan hannu. Sannan ka miƙa wa ƙaninka ya koya.

Abokina kuwa, in ya dawo Dawanau, zan ba shi lissafin tirela ɗaya ya shigar da yatsa, kawu na tsaye a kansa. Sai mu ga wanda zai yi dariya.

Wassalam.